Ni Da Yadi Mai Gidan Dara

'Yan uwana mata, kowace mace da abin da ya sace mata zuciya a harkar kwalliya. Wata leshi, wata shadda, wata kuma in ba atamfa ba ba ta jin ta yi ado. To ni dai nawa gwanin shi ne yadi mai gidan dara, wanda 'yan makaranta ke cewa mai cek, Turawa kuma su ce tatan. Gyalena da jakata da siket ɗina, kai har lemata, duk masu gidan dara ne. Ƙawayena kan tsokane ni wai na zama jakar Gana-mas-go, ni kuwa sai in yi dariya in ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Son nan ya kama ni ne a Edinbara, babban birnin Sikotlan, lokacin da na bi maigidana ya je ƙaro ilimi. Kakarsu ta can, wato daga Satumba zuwa Nuwamba, ba irin tamu ba ce ta sabon gero da gyaɗa. Ganyen bishiyoyi ne zai rine ya koma ja da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, sannan ya yi ta zuba, rana ta faɗi da wuri, ga iska mai shiga ƙashi ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Da zarar sanyin ya kunno kai sai ki ga kowa ya fito da mayafin ulu mai gidan dara ya naɗe wuya, launinsa ya dace da na ganyen nan kamar an haɗa baki. Ranar da na sayi nawa, ja mai ratsin kore da baƙi, wallahi ji na yi kamar an rungume ni, kewar gida ta ragu.

Kin san sirrin kyansa? A wurin saƙa yake. Masaƙi zai jera zaren tsaye launi bayan launi bisa ƙidaya, sannan ya bi wannan ƙidayar daidai wajen zaren kwance. Inda ja ya haɗu da ja sai ya fito jawur, inda ja ya ratsa kore sai a sami wani launi na uku wanda ba a rina shi ba. Shi ya sa yadin kan yi kamar mai launi barkatai, alhali zaren kala uku ne ko huɗu.

Amma abin da ya ƙara mini ƙaunarsa shi ne tarihinsa. Asalinsa suturar mutanen kan duwatsun Sikotlan ce, manoma da makiyaya, su yafa da rana su lulluɓa da dare. Bayan an ci su da yaƙi a Kuloden a 1746, sai gwamnatin Birtaniya ta kafa doka ta hana mazansu sa irin tufafinsu na gado, in ban da sojoji. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata 6, karo na biyu a kore shi ƙasashen ƙetare shekara 7. Sai a 1782 aka soke dokar. Abin mamaki, a 1822 Sarki Joj na Huɗu da kansa ya ziyarci Edinbara sanye da siket ɗin mazan nan da suke kira kilt. Daga baya Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat suka sayi gidan Balmoral a 1852, suka ƙawata ɗakunansa da wannan yadi. Kin ga abin da aka raina ya koma kayan fada. Yau kusan kowace babbar zuriya tana da nata zanen, har hukuma ta buɗe rajista ta musamman a 2009 don adana su. Kamfanin Burberry ma, da 'yan gayu ke rububin kayansa, a shafin cikin kwat ya fara sa nasa zanen tun wajejen 1920.

To 'yar uwa, ga inda zancen ya shafe mu. Mu ma muna da namu gidan darar, wato saƙi, baƙin zanen nan na masaƙanmu da ake rinawa da baba, mai ƙananan gidaje kamar jikin zabo. Kakanninmu da shi suka yi ado, da shi suka goya iyayenmu. Amma yau ki ba yarinya saƙi ta ɗaura, sai ta yatsina fuska ta ce kayan tsofaffi ne. Haka 'yan makaranta, da yawa sun matsu su gama su yar da yunifom mai cek. Su mutanen Sikotlan da doka aka raba su da nasu, kuma ba su haƙura ba. Mu kuwa ba wanda ya hana mu, da hannunmu muke yarwa, masaƙa na ta barin sana'ar don babu masu saye.

Idan kina sha'awar gwadawa, ga 'yan shawarwari. Kada ki haɗa gidan dara biyu a jiki ɗaya. In siket ne mai gidan dara, rigar ta zama sada, mai launi ɗaya daga cikin launukan siket ɗin. Mai jiki ta nemi ƙananan gidaje, siririya kuwa manya sun fi karɓarta. Ki ja kunnen tela ya daidaita layukan a wurin haɗi, domin in suka saɓa, kwalliya ta tashi. Na ulu sai da hunturu, a wanke shi da ruwan sanyi, ban da murɗawa, a shanya a inuwa. Lokacin zafi kuwa ki nemi na auduga.

Ni dai a bana na riga na kai saƙin kakata wajen tela, za a yi mini jaka da ɗan mayafi, in haɗa da jan nan nawa na Edinbara. Ke ma ki leƙa adakar Iya ko ta Gwaggo, kila akwai naki a ninke yana jiranki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.