Hanyar Tafkin Gosaikunda: Ƙarfin Ƙafa Kaɗai Bai Isa Ba

A arewacin Nepal, cikin gandun dajin Langtang, akwai tafkin da ake kira Gosaikunda, can a ƙwanƙolin tsauni, mita 4,380 sama da teku. Mota ba ta zuwa. Iyakarta garin Dhunche, daga nan sai dai a sa ƙafa. Mabiya addinin Hindu suna girmama tafkin, kuma wajajen watan Agusta dubbai ke tururuwa can don bikin Janai Purnima.

Da farko hanyar tana ratsa kurmi mai inuwa, hawa ne ba sassauci, har zuwa Sing Gompa, inda ake yin cuku da nonon shanun tsauni masu yawan gashi. Gaba da nan, wajen Lauribina, bishiyoyi sai su ƙare. Saura duwatsu da iska mai shiga ƙashi, ga turba siririya a gefen rami mai zurfi.

Amma ba ramin ne ya fi kayar da mutane ba. Ƙarancin iskar shaƙa ne, mai jawo ciwon tsauni. Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne kacal, alhali ciwon tsauni yakan fara ne daga wajen mita 2,500. Ke nan jikin mazaunin Najeriya bai taɓa sanin irin wannan ba. A bakin tafkin, kowane numfashi kusan kashi 60 cikin 100 yake bayarwa na iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Sai kai ya soma sarawa, zuciya na tashi, abinci ba ya shiga, barci ya ƙi zuwa. In aka yi kunnen ƙashi aka ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ka ga mutum yana tangaɗi, yana tari da kumfa, magana ta rikice masa. Wannan yana kisa.

Abin mamaki, majiya ƙarfi ba su tsira ba, har ma sukan riga kowa faɗawa ciki, don ƙafarsu na kai su inda jininsu bai shirya ba. Likitoci sun ce da an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai masu gaggawar biki sukan haɗiye tafiyar cikin kwana biyu.

Akwai ƙwayar acetazolamide da likita kan rubuta don rigakafi, amma in ciwon ya tsananta, sauka ce magani, ko da tsakar dare ne. Kuma kada a bar mara lafiya ya sauka shi kaɗai, ko da ya rantse cewa garau yake.