Kula da Furen Okid Bayan Ya Zubar da Fure: Jagora ga Masu Lambu a Maiduguri

Gabatarwa

Furen okid mai siffar malam-buɗe-littafi, wanda masana tsirrai ke kira Phalaenopsis, yakan shigo gidajenmu ne a matsayin kyauta, ko kuma a sayo shi da tsada daga masu sayar da furanni a Abuja ko Legas. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku yana ƙawata ɗaki, sannan furannin su yi yaushi su zube ɗaya bayan ɗaya. A nan ne akasari ake yin asararsa. Wani ya ɗauka ya mutu ya jefar da shi, wani kuma ya tausaya masa ya dasa shi cikin ƙasa da takin gida, cikin makonni kaɗan ya ruɓe. Alhali zubar fure ba mutuwa ba ce, tsiron yana iya rayuwa shekaru da dama yana fure kowace shekara. Wannan maƙala za ta nuna maka abin da za ka yi daga ranar da furen ƙarshe ya faɗi, da yadda za ka daidaita aikin da yanayin Maiduguri.

Ka san asalinsa tukuna

Asalin wannan tsiro dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne masu yawan ruwa, kamar na Filifin da Indunusiya. Masanin tsirrai Carl Blume ne ya raɗa masa suna a shekarar 1825, kuma ma'anar sunan ita ce mai kama da faɗa-wuta, saboda siffar furen. A yau ƙasashen Taiwan da Holan suna cikin manyan masu rainonsa don kasuwa.

A dajinsu ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin itatuwa yake manne. Kada ka ɗauke shi kamar kauci, domin kauci tsotson bishiya yake yi, shi kuwa okid wurin zama kawai yake nema. Saiwoyinsa suna rataye a iska, an lulluɓe su da wani farin ɓawo mai kama da soso, wanda ke shanye ruwan sama da sauri sannan ya bushe. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka ko a cikin tukunya, saiwarsa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Ƙasa, ko yashi, ko taki, suna toshe iskar su riƙe danshi, saiwa ta shaƙe ta ruɓe.

Abin da za a yi da karan fure

Idan furanni sun gama zuba, ka dubi karan da ya ɗauke su. In ya bushe ya zama ruwan ƙasa, ka yanke shi daga tushe. In yana nan kore, kana da zaɓi biyu. Kana iya yanke shi kimanin santimita 2 a saman gaɓa ta biyu daga ƙasa, wani lokaci sabon reshe yakan fito daga gaɓar ya yi fure bayan wata biyu zuwa uku. Ko kuma ka yanke shi gaba ɗaya domin tsiron ya huta.

A Maiduguri, idan furen ya ƙare ne tsakanin watan Maris da Mayu, zaɓi na biyu ya fi. A wannan lokaci zafin rana yakan haura digiri 40 na ma'aunin Salshiyas, alhali tsiron ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 29. Tilasta masa fure na biyu cikin bazara yana cinye ƙarfin da yake bukata don ya tsira. Haka kuma in tsiron ƙarami ne, ko ganyensa bai wuce uku ba, ka yanke daga tushe. Ka yi amfani da sabuwar reza, ko almakashin da aka ƙona bakinsa a wuta, don kada ka ɗauko cuta daga wani tsiron.

Yaushe ake sauya tukunya?

Ana sauya wa okid tukunya duk bayan shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba a yi yana cikin fure. Alamomin da ke nuna lokaci ya yi su ne: haɗin da ke cikin tukunya ya ruɓe ya koma kamar ƙasa, ko yana wari, ko ya daɗe bai bushe ba bayan ban ruwa, ko ganye ya yi laushi ya yamutse duk da ana ba shi ruwa. Wannan alama ta ƙarshe tana ruɗar mutane da yawa, sai su ƙara ruwa, alhali saiwar da za ta sha ruwan ce ta mutu. Saiwa biyu ko uku da suka leƙo waje ba matsala ba ce, ɗabi'arsa ce.

Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne farkon damina, daga ƙarshen watan Yuni zuwa Yuli, sa'ad da zafi ya sauka, iska ta yi laima, sabbin saiwoyi masu koren baki suka fara fitowa. Tsiron da aka taɓa saiwarsa cikin Afrilu ba ya iya mayar da ruwan da ganyensa ke asara. Sai dai in ka ga saiwa tana ruɓewa, kada ka jira damina, ka sauya nan take, ka ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan.

Kayan aiki

Masu raino a ƙasashen waje suna amfani da ɓawon itacen fayin. In ba ka same shi ba, abin da ke kusa da kai ya isa:

1. Ɓawon kwakwa na waje, mai zare-zare, a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar girman ɗan yatsa. A jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwan kullum, domin yakan zo da gishiri mai ƙona saiwa. Kashi biyu.
2. Gawayin itace, a farfasa shi daidai wannan girma, a wanke garin. Kashi ɗaya.
3. Tsingaro, wato gutsattsarin fasasshiyar tukunyar ƙasa, a wanke shi. Kashi ɗaya.

Tukunya kada ta fi tarin saiwar girma sosai, faɗin santimita 2 zuwa 3 a kan tsohuwar ya isa. Babbar tukunya tana riƙe ruwa a tsakiya. Lallai ta kasance da huda da yawa a ƙasa da gefe. Roba mai garai-garai tana da amfani domin kana ganin saiwa ta cikinta. Ka zura ta cikin tukunyar ƙasa da ta fi ta girma kaɗan, ta kāre ta daga zafi.

Matakan sauyawa

1. Ka jiƙa tsohuwar tukunya cikin ruwa na minti 10 zuwa 15, saiwoyi su yi laushi kada su karye.
2. Ka matsa gefen tukunyar ka zaro tsiron a hankali. In saiwa ta manne, gara ka yanka robar da ka fizge ta.
3. Ka cire tsohon haɗin duka da yatsu. Ka kula da tsakiyar saiwa, a ƙarƙashin tushe, inda sau da yawa akan tarar da dunƙulen gansakuka da aka raine shi a ciki tun yana ƙarami. Wannan dunƙule yakan zauna a jiƙe ko da waje ya bushe, kuma daga nan ruɓa ta fi farawa.
4. Ka wanke saiwoyin, ka matsa kowace da yatsa. Mai rai tana da tauri, ko fara ce, ko kore, ko rawaya. Matacciya tana da laushi ko holoƙo, ɓawonta yana saɓulewa ya bar zare. Ka yanke matattu kawai.
5. Ka bar shi a inuwa awa ɗaya ko biyu wuraren yankan su bushe.
6. Ka zuba tsingaro a gindin sabuwar tukunya, ka zaunar da tsiron a tsakiya, ka cika gefe da haɗin kana bubbuga tukunyar don ya shiga tsakanin saiwoyi. Kada ka danna da ƙarfi. Gindin ganyen ƙasa ya tsaya daidai saman haɗin, kada a binne shi. Saiwoyin da suka saba da iska a bar su a waje.
7. In yana lilo, ka kafa ɗan tsinke ka ɗaure shi. Tsiron da ke motsi ba ya kama tukunya.

Bayan haka ka dakata kwana uku zuwa biyar kafin ban ruwa na farko, kuma kada ka ba shi taki sai bayan wata guda.

Ruwa, haske da taki

Saiwa ce za ta gaya maka lokacin ban ruwa. In tana kore, akwai sauran danshi. In ta koma fari-fari kamar azurfa, lokaci ya yi. Ka zuba ruwa sosai da safe har ya fita ta ƙasa, kada ka bar tukunya zaune cikin ruwa. Ka kiyaye kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye inda sabon ganye ke fitowa, domin nan ne kaɗai tsiron ke girma, in ya ruɓe shi ke nan. In ruwa ya shiga, ka tsane shi da auduga.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano yana ba da lita ɗaya, don haka ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta zai cika maka jarkokin da za su daɗe. In ruwan burtsatsenku yana barin farin dasashi a buta, zai bar irinsa a saiwa. Kada ka yi amfani da ruwan tankin da rana ta dafa, ko ruwan ƙanƙara. Ruwan randa ya dace.

Yana son haske amma ba ya jure hasken rana kai tsaye. Tagar gabas mai labule mara kauri ta wadatar. Ganye mai duhun kore sosai yana nuna ƙarancin haske, tabon ƙuna fari ko baƙi kuma yana nuna rana ta yi yawa.

Game da taki, kada ka barbaɗa masa NPK na gona ko yuriya ko kashin dabbobi. Ka nemi takin da ake narkarwa a ruwa, irin 20-20-20, ka yi amfani da rubu'in adadin da aka rubuta a jikin kwalin, sau ɗaya a mako biyu, bayan ka jiƙa saiwar da ruwa zalla. Sau ɗaya a wata ka ɗauraye tukunyar da ruwa mai yawa don wanke gishirin da ya taru.

Yadda za a bi da shi cikin shekara

Bazara, Maris zuwa Mayu: burinka shi ne ya rayu. Ka sauke shi ƙasa a ɗaki mafi sanyi, kusa da randa, ko ka ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Ka riƙa jiƙa tukunyar ƙasa ta waje, domin ruwan da ke tashi daga jikinta yana sanyaya ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. In da na'urar sanyaya ɗaki, kada iskarta ta riƙa dukansa. Ka rage taki.

Damina, Yuni zuwa Satumba: lokacin sauya tukunya da girma. Ka rage ban ruwa, ka bar iska ta riƙa ratsa ɗakin. Ganye ɗaya ko biyu sababbi a shekara alamar lafiya ce.

Hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu: nan ne rabonka yake. Okid ba ya fitar da karan fure muddin zafi yana sama da digiri 28, sai ya samu makonni huɗu zuwa shida na sanyi-sanyi. Sanyin Disamba da Janairu yana ba shi wannan kyauta. Amma kada ka bar shi a waje da dare, domin sanyin yakan sauka ƙasa da digiri 15. Iskar hunturu busasshiya ce, don haka ka ƙara duba saiwa, ka goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle kowane mako. Sabon karan fure yakan fito daga tsakanin ganye, bakinsa a baje, saɓanin saiwa mai zagayayyen baki. Daga fitowarsa zuwa buɗewar fure akan ɗauki kimanin wata uku.

Da ƙwayoyin fure sun bayyana, ka nisanta shi daga hayaƙin janareta, da na gawayi, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da kuma ayaba ko mangwaro masu nuna. Dukkansu suna fitar da wata iska mai sa ƙwayoyin su zube kafin su buɗe. In ka ga ƙwari masu kama da farar auduga a hammatar ganye, ka goge su da auduga da ruwan sabulu mara ƙarfi, ka maimaita duk mako har su ƙare.

Kammalawa

Okid tsiro ne mai tafiyar hawainiya, kuma bayan sauya tukunya yana iya yin makonni ba ka ga wani canji ba. Kada wannan ya sa ka tono shi ko ka ƙara masa ruwa. Ka ba saiwarsa iska, ka sauya masa tukunya da farkon damina, ka kāre shi a bazara, ka bar sanyin hunturu ya yi aikinsa. In ka kiyaye waɗannan, da yardar Allah zai sake yi maka fure baɗi.