Turmi Ɗaya, Taɓarya Uku

A Bukuru, kudu da Jos kaɗan, akwai kwalejin tauhidi da aka fi sani da TCNN, wadda ta buɗe a 1959, Harry Boer ne shugabanta na farko. Ikilisiyoyi daban-daban ne suka haɗa hannu a kanta, saboda haka ɗan Lutheran da ya fito daga Numan sai ya tarar abokin ɗakinsa ɗan ikilisiyar EYN ne daga wajen Garkida, na gaba da su kuma mutumin Tibi ne daga Mkar. Na farko an yi masa baftisma yana jariri a hannun uwarsa. Na biyu sai da ya mallaki hankalinsa aka nutsar da shi cikin ruwa sau uku, ya kuma taso yana ganin dattawa suna wanke wa juna ƙafa. Duk wanda ka tambaya me ya kawo shi, amsar ɗaya ce: "Na sami kira."

Kira kuwa sirri ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba mai ji wa wani. To me ya sa ake tara masu shi wuri guda shekara da shekaru?

Wanda ya taɓa tsayawa kallon lugude ya san dalili. Mata uku sun kewaye turmi ɗaya ana surfen gero, an yayyafa masa ruwa kaɗan. Kowace da taɓaryarta, wata mai nauyi, wata ta sha hannu har ta yi sulɓi. Bakin turmi bai ɗaukar biyu lokaci guda. Wannan na sauka, waccan na tashi, ta uku tana sama tana jira, wani lokaci har ta cilla tata ta yi tafi kafin ta cafe. Yarinyar da ke koyo takan zo da ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke ba ta matsala: kunnenta na kan bugunta ita kaɗai, sai ta gwara taɓarya da ta yayarta, hatsi ya watse ƙasa, kaji su taru. Ba wanda zai ƙwace mata taɓarya. Cewa za a yi, "Ke, saurari na 'yar'uwarki kafin ki sauke."

Haka sabon ɗalibi yake. A ƙauyensu shi ne shugaban matasa, shi ke wa'azi idan fasto ya yi tafiya, tsofaffi har sun fara ce masa Malam. Nan kuwa kowa haka yake a garinsu. A aji zai koyi Girkanci da Ibrananci da tarihin ikilisiya, amma gyaran hannunsa a wani wurin ake yinsa. A layin famfo ne da asubar hunturu, sanyin Filato na ratsa ƙashi, ga wani ya ajiye bokiti huɗu ya tafi. A gidajen masu iyali ne, inda kukan jaririn maƙwabci ke shigowa ta bango ana gobe jarrabawa, inda matar wani ke aiko yaro neman ɗan gishiri, kowa kuma ya gane ba gishirin kaɗai ya ƙare ba, kuɗin da ikilisiya ta yi alkawari ne bai iso ba. Wanda ya auna mata kwanon masara bai bari kowa ya ji ba, a ganina ya fara aikin kiwon garke tun ba a naɗa shi ba.

Darasin ba da shawara ya fi kowane darasi buƙatar wannan kunne. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, ɗalibai da malaman makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka watse. Fastocin da suka biyo bayan wannan, gwauraye da marayu suka tarar a kan bencin majami'a. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, idan ta zauna ta ce, "Baba Fasto, ba na iya barci," mai gaggawa zai jefa mata aya tun ba ta rufe baki ba. Ayar gaskiya ce, amma ta sauka kan maganar da ba ta gama fitowa ba, matar kuma ba za ta sake zuwa ba. Wanda ya saba jiran bugun wani zai iya yin shiru har ta kai ƙarshe.

Zaman tare kuma yakan nuna wa mutum inda ƙarfinsa yake. Wani ya zo da burin mumbari, sai ya lura wa'azinsa bai motsa kowa, amma ɗakinsa ba ya rabuwa da masu zuwa da dare su faɗi damuwarsu. Abokan karatunsa su ke fara gani kafin shi. Abin da ke gabansa mai wuya ne: ya koma gida ya zauna gaban dattawan da suka sayar da hatsi da awaki suka biya masa makaranta, suna jiran babban mai wa'azi, ya ce musu, "Iyayena, asibiti da sansanin 'yan gudun hijira nake so ku tura ni."