Barci Mai Nauyi da Ƙofar Ji: Matsayin Talamus a Mas'alar Warwarewar Alwala

Malaman Malikiyya sun kasa barci gida huɗu dangane da alwala. Mai nauyi yana warware ta, ya yi tsawo ko ya gajarta. Mara nauyi kuwa ba ya warwarewa, sai dai idan ya yi tsawo an so a sabunta. Haka yake a Mukhtasar na Shaikh Khalil da sharhohinsa, kuma a kan haka ake karantar da ɗalibai a zaurukan Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu. Alamar nauyin da masu sharhi suka ambata ita ce mutum ya daina jin muryoyin da ke kusa da shi, ko carbi ya suɓuce daga hannunsa bai sani ba. Mas'alar takan taso a masallatan Juma'a cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin Dutse kan haura maki 40, gyangyaɗi ya riƙa ɗibar masu sauraron huɗuba.

Wannan alama tana da tushe a halittar ƙwaƙwalwa. Sauti yakan girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar ga wata gaɓa mai siffar katantanwa, ita kuma ta mayar da ita saƙon jijiya. Saƙon yakan ratsa tushen ƙwaƙwalwa, amma ba ya kaiwa ga ɓawonta, inda ake gane magana, sai ya bi ta talamus, wato wasu curi biyu masu kama da ƙwai da ke tsakiyar kai. Gani da taɓawa da ɗanɗano duk ta nan suke bi, kowanne da sashensa. Sansana ce kaɗai ke da hanyarta dabam. Ke nan muryar liman da nauyin carbi a tafin hannu ƙofa guda suke ratsawa.

Idan barci ya fara nauyi, wani siririn rufi na ƙwayoyin jijiya da ke kewaye da talamus yakan danne masu miƙa saƙon, sai su koma harbawa a dunƙule, kamar sau 11 zuwa 16 a daƙiƙa. Kunne yana aikinsa, amma abin da ke isa sama kaɗan ne. Wani bincike na masana a Jami'ar Harvard a 2010 ya nuna cewa waɗanda wannan bugu ya fi yawa a barcinsu sun fi jure hayaniya ba su farka ba. Abin lura ne cewa Suratul Kahfi, a aya ta 11, da kunnuwa ta siffanta barcin samarin kogo.

Sai dai ƙofar ba ta rufuwa ruf. Tun a 1960 Ian Oswald da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa mai barci ya fi amsa sunansa fiye da sauran sunaye. Don haka hujjar wanda ya ce ai ya ji iƙama, saboda haka alwalarsa tana nan, mai rauni ce: ƙarar lasifika tana iya tayar da wanda ya yi nisa ƙwarai. Farkawa da sauti dabam, jin sauti yayin gyangyaɗin dabam, kuma na biyun ne malaman fiƙihu suka rataya hukunci a kansa. Abin da ya kamata a tambayi irin wannan mutum shi ne ko muryar mai huɗuba ta yanke masa gaba ɗaya kafin ya farka.