Ba Kowace Rabuwa da Tauraro ce Cin Amana ba

Tun watan Fabrairun 2025, da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas Mavericks ta miƙa Luka Dončić ga Los Angeles Lakers, ake maimaita wata magana a fadar matasa masu bin wasanni, daga Atantane har Mayahi da Tasawa: duk ƙungiyar da ta rabu da tauraronta ta ci amanar magoya baya. Masu faɗin haka suna da uzuri. Mutum ya hana idonsa barci, domin da tsakar dare ake buga wasannin Amurka a agogonmu, ya ƙarar da kuɗinsa a katin waya, wata safiya ya tashi ya tarar an sayar da gwaninsa. Dole abin ya yi ciwo. Amma 'yan'uwa, hukuncin ya yi faɗi da yawa.

Mu fara da kusa, a ƙwallon ƙafa. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar Najeriya, sannan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Amma Pillars, wato Sai Masu Gida, ba su durƙushe ba. Sun ɗauki kofin gasar a 2012 da 2013 da 2014, sau uku a jere, abin da ba su samu ba a shekarar da yake tare da su. Shi kuma ya bunƙasa a Turai, ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021.

A ƙwallon kwandon ma haka ne. A 2019 Oklahoma City Thunder ta ba Los Angeles Clippers gwaninta Paul George. Ta karɓi wani matashi, Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da damar zaɓen sababbin 'yan wasa biyar a zagayen farko. A 2025 matashin nan ya zama gwarzon gasar NBA, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofi. Da an bi waccan magana, da ba a yi wannan cinikin ba.

To, ina laifin Dallas? Laifinta babba ne, amma a yadda aka yi cinikin yake. A lokacin Dončić shekararsa 25, watanni kaɗan kafin nan ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na 2024 da Boston. Aka musanya shi da Anthony Davis mai shekara 31, wanda kowa ya san shi da yawan rauni, aka ɗora Max Christie da damar zaɓe guda ɗaya tak ta 2029. Abin da ya fi damuna shi ne manajan ƙungiyar, Nico Harrison, ya ƙulla maganar a ɓoye da Lakers, bai bari sauran ƙungiyoyi sun taya ba. Kowane makiyayi ya san ba a sayar da bijimin garke ga dillali ɗaya da dare, kasuwa ake kai shi a ji tayin kowa. Davis kuwa ya ji rauni a wasansa na farko da rigar Dallas.

Saboda haka idan aka rabu da tauraro, a fara tambayar shekarunsa, da abin da aka karɓo, da ko an bari masu saye sun yi gasa. Cinikin Oklahoma ya yi daidai, na Dallas kuskure ne, kuma a watan Nuwamban 2025 ƙungiyar ta sallami Harrison daga aiki.