Juyen Baƙin Mai a Unguwar Malaz

Malaz wata unguwa ce a Riyad, babban birnin ƙasar Sa'udiyya. Ba ta cikin tsofaffin unguwannin nan masu lunguna da gidajen ƙasa. A zamanin Sarki Sa'udu, wanda ya hau gadon sarauta a 1953, aka ƙaura da ma'aikatun gwamnati daga Hijaz zuwa Riyad. Da ya ke ma'aikatan ba su da wurin zama, sai aka yanki fili a bayan gari, aka gina musu gidaje fiye da 700. Aka shata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, suna gittawa da juna kamar gidajen dara. Babban titin unguwar ana ce da shi Sittin, sabo da faɗinsa mita 60 ne. A nan kuma aka fara buɗe Jami'ar Sarki Sa'udu a 1957.

Ko wane baƙo ya dubi waɗannan tituna ya san don mota aka yi su. Sai a ƙarshen 2024 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin birni, kafin nan kuwa wanda ba shi da mota ya sha wuya. Tun watan Yuni na 2018 mata ma suna tuƙi. To, ko wace mota tana da wata bukata wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, watau juye. Abin da Hausawa ke nufi da juye shi ne a tsiyaye tsohon man inji a zuba sabo. Shi wannan mai baƙin mai a ke ce da shi, ko da ya ke sabonsa ba baƙi ba ne, kamar zuma ya ke. Sai ya yi aiki ya ke komawa baƙi ƙirin. Tambayar da ke gaban mai mota ita ce, ya yi juyen da hannunsa, ko kuwa ya kai a yi masa ya biya?

Kafin a amsa, ya kamata a san aikin man. Cikin inji ƙarafa ne ke gugar juna, wasu suna juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Mai shi ne ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna. Har wa yau yana ɗebe zafi, yana kuma kwashe dauɗa ya kai ta matacin mai, wanda makanikai ke kira filta. Sannu a hankali zafi da dauɗa su kan rage masa ƙarfi. In an ƙyale shi sai ya yi kauri kamar kwalta, ya toshe hanyoyinsa, inji ya buga. Gyaran injin da ya buga kuwa ya ninka kuɗin juye nesa ba kusa ba.

A Riyad mai ya fi saurin gajiya. Da rani zafi ya kan haura digiri 40 kusan kullum, ga iska mai ƙura daga hamada, ga cunkoson motoci inda inji ke ta aiki alhali mota ba ta motsi, na'urar sanyaya mota kuma tana kunne. Masu ƙera motoci su kan rubuta wa'adi iri biyu cikin littafin mota, ɗaya na tuƙin yau da kullum, ɗaya na tuƙi mai wahala. Zafi da ƙura da yawan tsayawa duk cikin na biyun su ke. Don haka a shagunan can a kan ji ana cewa wannan man kilomita 5,000 ne, wancan na 10,000 ne. Na farkon shi ne mai na gargajiya da a ke tacewa daga ɗanyen mai, na biyun kuwa wanda aka sarrafa ne don ya jure zafi, ya kuma fi tsada. A jikin galan akwai lambobi irin su 5W-30 ko 20W-50. Ta farko tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa in inji ya yi zafi. Ba a zaɓen lambar da ka, sai wadda littafin motar ya faɗa.

Shi aikin juye ba wuya gare shi ba. Mutum ya ta da mota ta ɗan yi ɗumi don man ya saki, sa'an nan ya kashe ta. Ya ɗaga gabanta, ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya kwance notin da ke gindin tukunyar mai, ya tara kasko, man ya tsiyaye sarai. Ya cire tsohuwar filta, ya shafa wa robar sabuwar ɗan mai, ya ɗaura ta da hannu. Ya mai da noti da sabuwar washa, ya zuba sabon mai ta sama. Ƙaramar mota ta kan sha wajen lita 4. Daga nan ya ta da inji, ya duba ko akwai yoyo, ya kashe, ya jira kaɗan, ya zaro sandar awo ya ga ko man yana tsakanin alamun nan biyu. Wanda ya saba, rabin sa'a ta ishe shi.

Amma fa ko wane mataki da tarkonsa. Wanda ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita ya sayar da ransa. Man da ya yi zafi ƙwarai ya kan sale fatar hannu. In an matse noti fiye da kima sai zarensa ya cinye, tukunyar ta riƙa ɗiga. Wani lokaci robar tsohuwar filta ta kan maƙale a jikin inji, in an ɗaura sabuwa a kanta sai mai ya tsiyaye a hanya. In kuma mai ya yi yawa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ba ya son wannan wahala ba zai yi nisa ba. A Riyad akwai ƙananan shaguna birjik da a ke kira banshar, sunan da aka samo daga kalmar Turanci ta hujewar taya. Suna gyaran taya, suna sayar da batir, suna yin juye. Galibin ma'aikatansu baƙi ne daga ƙasashe irin su Yaman da Pakistan da Indiya da Bangaladash. Akwai kuma manyan wurare na kamfanoni, kamar Petromin, wanda ke haɗa man inji a ƙasar tun 1968, da garejojin dillalan motoci. A waɗannan wurare akwai rami ko na'urar ɗaga mota, kafin mutum ya shanye shayi an gama.

To, sai lissafi. Mutane da yawa suna zaton wanda ya yi juye da kansa ya tsira da kuɗi mai yawa. A Amurka da Ingila, inda ladan makaniki ke da tsada, akwai gaskiya a ciki. A Malaz kuwa mafi yawan abin da a ke biya kuɗin mai ne da filta, waɗanda dole a saye su ko ta yaya, da harajin saye da ya zama kashi 15 cikin 100 tun watan Yuli na 2020. Ladan aikin kaɗan ne. Mai yi da kansa kuma sai ya sayi jak da ƙafafun ƙarfe da sifanoni da kasko, kafin ya mai da kuɗinsu an yi juye da dama. Ban da haka, wanda ke haya a bene ba shi da farfajiya, kwanciya kan kwalta a watan Yuli kuwa ba wasa ba ce. In motar sabuwa ce mai garanti, kamfani zai nemi takardun da ke nuna an yi juye kan kari, shago kuwa shi ke ba da rasit.

Akwai kuma maganar tsohon man. A Kano da Zariya a kan ga ana shafa shi a katako don maganin gara, wasu ma su zuba shi a kwata. Wannan mai guba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya ya isa ya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya. Ƙasar da ke tace ruwan teku ta turo shi Riyad cikin bututu daga Jubail, tafiyar fiye da kilomita 400, ba za ta ɗauki wannan da sauƙi ba. Shago yana tara nasa cikin duro, a zo a kwashe a sake sarrafawa. Mai yi a gida kuwa sai ya ɗura cikin galan ya kai musu da kansa.

Ko da ya ke lissafi ya karkata wajen shago, ba shi ke nan ba. Abin da mai yi da kansa ya fi kowa da shi shi ne ya san abin da ya shiga injinsa. A ko wace ƙasa akwai jabun mai da jabun filta, akwai kuma ma'aikacin da gaggawa ta kan sa ya manta washa, ko ya goge tsohuwar filta ya bar ta. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma ba kowa ke cika wannan ba. Ɓarnar kuwa ba ta fitowa ran nan, sai bayan watanni, sa'ad da ba wanda za a kama.

Sabo da haka direbobi masu hankali su kan bi hanya ta tsakiya. Su karanta littafin mota su san lambar mai da yawansa. Su sayi man a wurin da suka amince da shi, ko su ce a buɗe galan a gabansu. Ba su zama cikin mota suna latsa waya, sai su fito su tsaya, su ga tsohon mai ya tsiyaye, su karɓi tsohuwar filta a hannu, su duba sandar awo da idonsu. Sa'an nan su rubuta kwanan wata da lambar kilomita, su adana rasit. Kashegari da safe su leƙa ƙarƙashin mota ko ta ɗiga. Wanda ya iya juye, ko bai taɓa riƙe sifana ba, da wuya a cuce shi, gama ya san abin da ya ke kallo.