Kada Ka Yanke Shawara da Dare Kai Kaɗai



Dukanmu muna tune da shekara ta 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na fari mai cutar korona a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, a nan Jihar Kaduna kuma aka hana fita. Kasuwa ta tsaya, sujada ta koma cikin gida, yara suka dawo daidai lokacin da rumbu ya soma yin ƙasa, ga damina a bakin ƙofa.

Wani dare cikin Afrilu, wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta manoman citta ya yi mini sallama. Ya zauna ya ce, "Malam, duniya ta yi mini zafi. Kwana uku ban runtsa ba."

Ga abin da ya dame shi. Cittarsa tana jibge a ɗaki, babu mai saye. Babban ɗansa ya taso daga Legas a bayan motar kaya, gobe zai iso, alhali kuwa tsohuwarsa mai ciwon sukari tana gidan. Sa'an nan wani ya aiko yana neman auren 'yarsa, yarinya 'yar shekara 15 da ke aji uku na sakandare, ya ce zai kawo kuɗi da buhun masara biyu. Dattijon ya ce, "Makaranta ta mutu, Malam. Da safe zan ba su amsa."

Na ce, "Baba, me mama ta ce?" Ya sunkuyar da kai. Ashe bai ko gaya wa matarsa ba, wai kada hankalinta ya tashi.

To, ba mu warware kome a daren nan ba. Mun yi addu'a, na roƙe shi ya je ya kwanta. Da gari ya waye muka zauna a gindin mangwaro, nesa da juna, da shi da matarsa da ma'ajin ƙungiya. Muka raba damuwar kashi biyu, watau abin da za a iya gyarawa daga baya, da abin da in an yi shi an yi ke nan.

Zancen ɗan ba ya jira, amma yana da sauƙi. Ba a kore shi ba, ba a kuwa bar shi ya shiga wurin kakarsa ba, gama cutar ta fi tsananta wa tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. Aka share masa ɗaki a bayan gida, aka ware masa kwano da moɗa da sabulu, ya yi kwana 14 a can. Ya yi fushi ƙwarai. Amma fushi yana hucewa.

Zancen yarinyar shi ne wanda ba ya gyaruwa. Uwar ce ta buɗe baki ta ce, "Maigida, yunwar wata uku ce za ta sa mu sayar da rayuwar yarinya duka?" Ma'aji ya ce asusun ƙungiya zai ba da rancen masara har kaka. Aka sayar da akuya biyu, aka karyar da rabin cittar a kan hasara. Yarinyar ta riƙa zuwa gona da safe, da yamma ta buɗe littattafanta tana kuma koya wa ƙannenta. Da makarantu suka soma buɗewa a watan Oktoba, ta koma ajinta. A wannan ƙauye kuwa akwai 'yan mata da aka aurar a watannin nan, har yau ba su sāke taka aji ba. Iyayensu ba mugaye ba ne. Gajiya da tsoro ne suka yanke musu shawara, ba kowa kusa da su.

A Littafin Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana fama da shari'ar jama'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ba shi shawara ya raba kayan da waɗansu. In Musa ya bukaci mataimaka, balle ni da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona. Amma kwalara da ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin Lassa ba su yi mana ban kwana ba. Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiya ta duba abu uku a taronta mai zuwa. Na fari, a ware hatsi a kaka domin rancen gaggawa. Na biyu, a zaɓi dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata waɗanda iyaye za su iya kai wa kuka a asirce. Na uku, mu yi wa juna alkawari cewa ba wanda zai cire yaro daga makaranta, ko ya aurar da yarinya, ko ya taɓa irin shuka, sai ya kwana a kan maganar, ya shawarci matarsa, ya kuma gaya wa ƙungiya.

Allah ya ba mu hikimar riƙon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.